Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Fada, Sista da kwamitin makarantarmu ta firamare ta Katolika

Ranka ya daɗe Rabaran Fada, Sista shugabar makaranta, da iyayena da yayyena na kwamitin gudanarwa,

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku sannu da ɗawainiyar 'ya'yanmu.

Ni uwa ce, yarana biyu suna hannunku, mace a aji biyu, namiji a aji biyar. Ni ma na taɓa riƙe alli na wasu shekaru kafin hidimar gida ta raba ni da aji, saboda haka na san ƙurar da malami ke shaƙa, na san dushewar muryar da yake komawa gida da ita. Na so in faɗi wannan magana, ta yadda ake kunyata yara a kan bashin kuɗin makaranta, a taron iyaye da malamai da ya wuce. Na ɗaga hannu har ya gaji, aka ce lokaci ya ƙure, aka yi addu'ar rufewa. Sai a bakin ƙofa na gane ashe ba ni kaɗai ce maganar ke ci wa rai ba. Shi ya sa na rubuta ta a fili, inda sauran iyaye za su gani su ƙara ko su rage. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Yabon gwani ya zama dole, da shi zan fara. 'Yata ta shigo hannunku ba ta iya bambanta baƙi ɗaya da wani ba, yau ita ke karanta mana Zabura da dare, tana bin layi da yatsa, in ta yi tuntuɓe ta koma baya da kanta. Ita ce kuma ke tsayar da mu in mun kai hannu kwano ba mu yi alamar gicciye ba. Lokacin da mahaifin wani ɗan ajinsu ya rasu, malamarsu ta kwashi yaran ta kai su gaisuwa, suka yi waƙa a tsakar gidan, uwar yaron na kuka tana sa musu albarka. Ranar na ce a raina ban yi kuskuren makaranta ba. Har yanzu ban sauya ra'ayi ba, kuma saboda ban sauya ba ne abin da zan faɗa ya dame ni.

Wata Litinin da safe na kawo yaran a makare, na tsaya a gefen fili ina jiran a gama taron safe. Yara sun yi layi aji-aji, hannuwa a haɗe, suka yi Ubanmu wanda ke cikin Sama da murya ɗaya. Aka yi waƙa. Bakinsu bai gama rufuwa daga Amin ba sai wani malami ya fito da takarda, ya shiga kiran sunaye. Duk wanda aka kira ya fito gaba. Da suka cika, aka sanar wa makaranta kaf cewa waɗannan ba su gama biyan kuɗin zango ba, su ɗauki jakunkunansu su koma gida. Na ga wata ƙaramar yarinya, ba za ta wuce shekara shida ba, tana waige-waige tana murmushi, don ta ɗauka kyauta za a ba su. Na ga kuma abokin ɗana, wanda ya isa ya gane, ya sunkuyar da kai yana tafiya kamar wanda aka kama da sata.

Da yamma ɗana ya ƙi cin abinci. Can ya ce da ni, "Mama, ai shi ma ya ce Ubanmu tare da mu." Na buɗe baki zan ba shi amsa irin ta manya, na rasa ta. Fada, ka fi ni sanin cewa a Bisharar Matiyu, kalmar da ke cikin roƙon gafara na wannan addu'a, a asalin Girkancinta, bashi ce. Ban kawo wannan don in ce Ubangiji ya yafe wa kowa kuɗin makaranta ba. Abin da na gani dai shi ne, cikin minti biyar yara sun koyi darasi biyu masu karo da juna, kuma na biyun ne ya fi zama a ransu, domin shi suka gani da ido.

Na san makaranta ba ta tafiya da addu'a kaɗai. Akwai albashi, akwai alli da littattafai, akwai rufin da ke yoyo da bencin da ya karye. Na san kuma cikin masu bashin akwai waɗanda suna da shi, ƙin biya ne kawai, sun mai da haƙurin Sista abin wasa. Waɗannan ku kira su ofis ku gaya musu gaskiya ba tare da kara ba, mu ma za mu taya ku. Amma ko uba ya ƙi biya ne ko ya kasa, yaro bai ci bashin kowa ba. Bai sa hannu a takarda ba, ba ya riƙe da aljihun gidansu. Me ya sa kunyar za ta sauka a kansa, a gaban abokan wasansa, shi da ba shi da abin yi a kai sai kuka?

Abin ya fi ciwo idan aka tuna inda irin makarantunmu suka samo asali. A shekarar 1597 Waliyyi Yusufu Kalasanz, firist ɗan ƙasar Sifen, ya ga 'ya'yan talakawa na gararamba a wata unguwar matalauta ta birnin Roma, ya buɗe musu makaranta a ɗakuna biyu na cocin Santa Dorotiya, ba ya karɓar ko sisi. Masana tarihi da yawa na ƙirga ta a matsayin makarantar jama'a ta kyauta ta farko a Turai. Waliyyi Yohanna de La Sal na Faransa, wanda Paparoma Piyus na 12 ya naɗa majiɓincin malamai a 1950, ɗan masu hali ne. Ya ajiye muƙaminsa a babban cocin birnin Rems, ya rabar da dukiyarsa ga mayunwata a lokacin yunwa, ya koma zama da malaman da yake horarwa don su koyar da 'ya'yan marasa ƙarfi kyauta. Waɗannan mutane ne muke rataye hotunansu, muke sa wa makarantu sunayensu. Da za su tsaya a gefen filinmu ran Litinin ɗin nan, ban san da wane ido za mu kalle su ba.

Kada a ce wannan labarin dā ne. Babban Taron Batikan na Biyu, taron bishop-bishop na duniya, a takardarsa kan ilimin Kirista, Gravissimum Educationis, wadda ta fito ranar 28 ga Oktoba 1965, ya roƙi makiyaya da dukan masu bi su taimaka wa makarantun Katolika, musamman wajen kula da matalauta, da waɗanda ba su da gatan iyali, da waɗanda ba su san bangaskiya ba. A 1977 ofishin ilimi na Batikan ya ƙara fitowa fili, ya ce a wasu ƙasashe makarantar Katolika na fuskantar haɗarin ba da shaidar da ta saɓa wa Bishara idan akasarin yaran da take ɗauka 'ya'yan masu kuɗi ne. Ikilisiya da bakinta ta faɗa wa kanta wannan, ba wani maƙiyinta ba. Kuma tun kafin duk waɗannan, Yakubu, a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari, ya riga ya tsawata wa taron da ke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ya ce wa mai tsumma ya tsaya can.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. A bar karanta sunaye a fili. Maganar bashi ta tafi wa iyaye a cikin ambulan rufaffe ko ta waya, tun zango bai yi nisa ba, a kuma buɗe ƙofar biya kaɗan-kaɗan ga wanda ya zo ya faɗi halin da yake ciki. Sa'an nan a kafa asusu na yaran da iyayensu suka gaza da gaske. Fada na iya ware baiko na Lahadi ɗaya a shekara dominsa. Tsofaffin ɗalibai, waɗanda ba a tuna su sai ranar biki, a nemo su. Mu iyaye da Allah ya ɗan buɗa wa, mai iya ɗaukar rabin kuɗin yaro ɗaya ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya nake so a riƙe da ƙarfi: sunayen yaran da asusun ya rufa wa asiri kada su wuce mutum biyu ko uku. Kada mu fitar da yaro daga layin masu bashi mu sa shi a layin waɗanda za a tsayar gaban coci a tafa wa masu taimakonsu. Wannan ma tonon silili ne, sai dai an shafa masa mai.

Tunda na fara, bari in taɓa cikin aji, don a nan ma akwai yaron da ake fitarwa gaba ba tare da an kira sunansa ba. Ina nufin mai jinkirin fahimta. Ban zo neman a sassauta karatu ba. Dokar Ikilisiya ta 1983, a sashe na 806, ta ɗora wa shugabannin makarantun Katolika nauyin tabbatar da cewa karatun da ake bayarwa bai gaza na sauran makarantun yankin ba. Gicciye a bango ba ya zama uzurin malamin da bai shirya darasi ba. Sai dai na lura idonmu duka, ku da mu, ya koma kan yara goman farko, domin su ne ke kawo wa makaranta suna a jarrabawar fita. Wanda ya zo na ƙarshe kuwa, tun daga aji uku kowa ya san kujerarsa ta baya, shi ma ya yarda nan ne wurinsa. Bulala ce kaɗai ke zuwa nemansa. A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ganin bulala ta sa yaro ya gane rabawa ba. Abin da take koya masa shi ne ya kwafa a littafin maƙwabcinsa kafin malam ya iso. Waliyyi Don Bosko, firist ɗin da ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya, yara masu taurin kai fiye da namu nesa ba kusa ba, ya gina tarbiyyarsa kan abu uku: hankali, addini da nuna ƙauna. Yana kuma jaddada cewa ƙaunar yaro a zuci ba ta wadatar ba, sai yaron ya san ana ƙaunarsa. Rabin sa'a sau biyu a mako, malami ya zauna da yara biyar na baya su kaɗai, zai yi abin da dukan zango guda bai yi ba.

Darasin addini ma ina da magana a kansa, kuma a nan zan taka a hankali don ba fagena ba ne. Yaranmu sun haddace katikizim, ana tambaya suna amsawa kamar ruwa. Hadda abu ne mai kyau, ni ma abin da na haddace ina ƙarama shi ke fito mini a bakin gadon asibiti. Amma ɗana ya taɓa ɗaga hannu ya tambaya yadda za a haɗa kwana shida na Littafin Farawa da abin da malamin kimiyya ya faɗa musu kan shekarun duniya. Amsar da ya samu ita ce ya zauna, ba a yi wa Allah tambaya. Tun ranar bai sake tambaya ba, kuma shirun nan ba alamar ya gamsu ba ne. Luka ya ba mu labarin Yesu yana ɗan shekara 12, iyayensa suka same shi a Haikali zaune a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi. Ba a ce sun kore shi ba. Ikilisiyarmu kuwa ba ta da dalilin tsoron irin tambayar ɗana. Wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya na faɗaɗa, a 1927, bayanin da ya zama tushen abin da masana ke koyarwa yau kan farkon duniya, firist ne na Katolika ɗan Beljiyam, Fada Joj Lemetir. Wanda ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar shuka wani irin wake a lambun gidan zuhudu, Girego Mendel, shi ma firist ne. Da malamin ya san waɗannan biyun kawai, da yaro ya koma gida yana alfahari da cocinsa. Ina ganin laifin ba na malamin ba ne shi kaɗai. An miƙa masa darasin addini ne don jadawalinsa na da gurbi, ba wanda ya zauna ya horar da shi. Fada, ko sa'a ɗaya a wata ka zauna da masu koyar da wannan darasi, za a ga bambanci.

Tun da Paparoma Piyus na 10 ya sauko da shekarun fara karɓar Jibin Ubangiji zuwa wajen bakwai a 1910, Ikilisiya ta yarda cewa ɗan shekara bakwai na da hankalin da zai gane wanda yake karɓa. In haka ne, ya cancanci a yi masa bayani da harshen da yake ji da misalin da ya sani. De La Sal ɗin nan da na ambata, ɗaya daga cikin abubuwan da ya sauya shi ne ya sa a fara koya wa yara karatu da Faransanci, harshen gidansu, maimakon Latin da aka saba.

Akwai kuma yaran da ba 'yan Katolika ba, na wasu ɗariku da 'ya'yan Musulmi, waɗanda iyayensu suka zaɓe mu da idonsu a buɗe. Ba na cikin masu cewa a sauke gicciye ko a rage Mas don kada wani ya ji babu daɗi. Wanda ya kawo ɗansa ya san inda ya kawo shi, kuma makarantar da ke jin kunyar sunanta ba ta da abin ba kowa. Amma amana ce suka ba mu. Dokar Ikilisiya, sashe na 748, ta hana a tilasta wa kowa karɓar bangaskiyar Katolika ba da son ransa ba, kuma a ranar da takardar ilimi ta fito a 1965, a ranar ce Taron Batikan ya fitar da Nostra Aetate, takardarsa kan sauran addinai, inda ya ce Ikilisiya na duban Musulmi da girmamawa. To, idan yara suka tsokani ɗan ajinsu a kan addinin gidansu a lokacin tara, malamin da ke tsaye kada ya kau da kai ya ce wasan yara ne. A wurin nan ne ake koyon zama da maƙwabci, ko a kasa koyonsa har girma.

Duk abin da na lissafa a wuyan malamai zai sauka, don haka ba zan wuce su ba. Paparoma Bulus na 6 ya rubuta a 1975 cewa mutumin wannan zamani ya fi sauraron shaidu a kan malamai, in ma ya saurari malamai to don su shaidu ne. Muna son maimaita wannan a ranar malamai. Sai dai da wuya mutum ya zama shaidar ƙauna da safe alhali mai gidan haya ya buga masa ƙofa da asuba. A shekara uku, ɗana ya ga malaman lissafi uku, kowanne ya samu inda ya fi ya tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Sashe na 1286 na dokar Ikilisiya ya umarci masu kula da dukiyarta su biya ma'aikata albashi na adalci da zai riƙe su da iyalinsu. Idan kuɗin da ke shigowa ba ya kaiwa, ku buɗe mana littafin mu gani. Iyaye sun fi saurin sa hannu a aljihu idan sun san inda kuɗin ke tafiya.

Ga wata tambaya da nake so a amsa mana a rubuce: idan wani babba a makaranta ya taɓa yaro ta hanyar da ba ta dace ba, wa yaron zai gaya wa, kuma me zai biyo baya? Ban zargi kowa ba. Amma Ikilisiya ta sha ɗaci a kan wannan a ƙasashe da dama, har Paparoma Faransis ya kafa hukumar kare yara a 2014. Ya kamata kowane yaro da kowace uwa su san sunan wanda za a je wurinsa tun kafin buƙatar ta taso.

Mu iyaye ma ba mu fita ba. Takardar 1965 ɗin nan ta kira mu malamai na farko kuma na gaba ga 'ya'yanmu, amma da yawanmu mun mai da ƙofar makaranta wurin sauke kaya. Mu ajiye yaro da safe, mu ɗauke shi da rana, ba mu buɗe jakarsa ba, ba mu san sunan malaminsa ba, sai ranar da sakamako ya ɓaci mu zo da faɗa. Muna so a koya masa addu'ar da bai taɓa jin mun yi ba. Ni kaina akwai zangon da ban leƙa littafin 'yata ba sai da malamarta ta aiko kirana, kuma na ji kunya. Amma ku ma ku duba yadda taronmu ke tafiya. Sashe na 796 na dokar Ikilisiya ya ce malamai su saurari iyaye da yardar rai, a kafa tarukansu a kuma ɗauke su da daraja. Namu taron sanarwa ne: a karanta ƙarin kuɗi, a karanta ranar hutu, a tambaya ko akwai mai magana alhali Fada ya riga ya miƙe don addu'a. Wanda ya zo sau biyu ya ga haka, na uku zai yi zamansa a gida.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya sa maganar kiran sunaye da ta asusun yara a farkon ajandar taro mai zuwa, kafin sanarwa, a kuma ba iyaye lokacin da za su yi magana har su gama. Don kada a ce baki kawai na kawo, na ɗauki alkawarin zuwa kowace Asabar da safe in zauna da yaran aji biyu da uku da karatu ke ba wuya, in Sista ta ba ni aji da allo. Iyaye mata biyu sun riga sun ce za su zo tare da ni.

Abokin ɗana ya dawo bayan kwana tara. An wuce babi guda a lissafi ba ya nan, ɗana ya ba shi littafinsa ya kwafa, amma kwafa ba ta maye gurbin bayani. Da can shi ne mai jan waƙa a layinsu. Yanzu ɗana ya ce a can baya yake tsayawa, kuma duk ranar Litinin sai ya ce cikinsa na ciwo. Sista, kin san yaron da nake nufi. Ina roƙonki ki kira shi ofis, ke da shi kawai, ki gaya masa da bakinki cewa bai yi laifin komai ba.

Taku cikin Almasihu,
Uwar yara biyu a makarantar